Fitilar da Jatau Ya Miƙa Mini

Da sunan Allah, wanda ya rataye rana ba da igiya ba, ya halicci duhu kuma ya yanka masa iyaka. Ni ne Cindo ɗan Barmo maƙeri, mutumin Tsamiyar Kudu, wanda ya taka ƙasa goma sha ɗaya da ƙafarsa, ya sha ruwan kogunan da mutanenmu ba su san sunansu ba, ya dawo gida da furfura da fitila guda ɗaya wadda ba ya kunnawa. Jikokina sun ishe ni da tambayar dalilin da ya sa nake goge ta kowace Juma'a amma ban taɓa sa mata wuta ba. To, yau zan faɗa, su huta, ni ma in huta.

An haife ni da yatsu shida a hannun dama. Ungozoma ta so ta ɗaure ɗan ƙaramin da zare ya faɗi, mahaifina ya hana, ya ce maƙeri ba ya raina ƙarin yatsa. Da na zama saurayi ya ƙera mini ɗan zoben tagulla daidai da shi, ya ce tunda yatsan ba ya aikin komai, bari ya yi ado. Na girma ina liƙe butoci da faranta har raina ya gundura. Wata rana wani bafatake ya kawo gyaran tukunya, ya ba mu labarin wata ƙasa can gabas inda kyandir yake faɗa wa matafiyi hanya. Kowa ya yi dariya, ni ban yi ba. Bayan kwana tara na ɗaure guduma da magagari da farantin tagulla a buhu, na nemi gafarar mahaifina, na kama hanya.

Wata biyar ina tafiya kafin na faɗa ƙasar Masu Jimina, mutanen da ba su san doki ba, jimina suke ɗaura wa sirdi. A bakin garinsu na tarar da wani mutum an binne shi a rairayi har wuya, kansa kawai ke waje, leɓɓansa sun tsage. Da ya gan ni sai ya ce, “Bawan Allah, ka makara. Tun jiya nake jiran wanda zai sosa mini hanci.” Na sosa masa, na tambayi laifinsa. Ashe jiminar shugabansu ya ara don tsere, ya yi ta korarta har zuciyarta ta fashe. Hukuncinsa shi ne ya zauna a ramin har ranar da rana za ta sauko ƙasa ta roƙar masa gafara, wato dai har abada.

Na zauna na goge farantina da toka har ya fara kashe ido. Da rana ta take tsaka na ajiye shi dab da kan mutumin, na ruga cikin gari ina ihu cewa rana ta sauko. Suka fito, suka ga ranar a ƙasa tana huci kusa da kunnensa, suka zube suna rufe fuska. Mutane ne masu cika magana, da hannunsu suka tone shi. Sunansa Jatau, ya girme ni da shekara huɗu, kuma bai gama karkaɗe rairayin jikinsa ba ya fara ce mini in ɗaga ƙafa, tafiyata ta yi masa sanyi.

Kada ku ce ni kaɗai na yi masa alheri. A Fadamar Barci, inda ƙanshin furanni ke kwantar da mutum ya yi ta minshari har ƙashinsa ya bushe, ni ne na fara faɗuwa. Jatau ya cusa barkono a hancinsa don kada barcin ya ɗauke shi, ya goye ni a bayansa kwana uku, yana atishawa yana zagina. Da na farka na ga ƙafafunsa sun kumbura kamar turame, na yi kuka. A wurin muka gutsuri gishiri ɗaya, muka rantse mun zama 'yan'uwa. Tun daga ranar nake ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini Shida.

A shekara ta biyu muka isa Birnin Zangarma, na ga abin da bafataken nan ya faɗa, har da ƙari. Bayan birnin akwai wani dutse da ya kife a kan ƙasa kamar ƙwarya, ana kiransa Baƙar Rumfa. A ƙarƙashinsa hanya ta bi, tafiyar rabin yini, zuwa Ruwan Ɗumi, maɓuɓɓugar da marasa lafiya ke wanka su miƙe. Duhun cikin Rumfar mai kauri ne, haske ba ya wuce kunnuwan doki ko da tsakar rana. Hanyar kuwa doron dutse ce mai santsi, dama da hagu rami ne wanda ba a taɓa jin ƙarar abin da ya faɗa cikinsa ba, kuma tana da lanƙwasa bakwai da ido ba ya ganinsu.

Da keken doki ake shiga, kowane keke da fitila biyu. Ta hagu don kwantar da hankalin doki ce kawai. Ta dama ita ce rai, ana kiranta fitilar awo. Akwatin tagulla ce mai gilashi, a ƙarƙashinta akwai dogon bututu da ake zura kyandir ta ƙasa, da murɗaɗɗiyar waya mai tura shi sama yayin da yake ci. A saman bututun akwai 'yar hula mai huda, ta nan lagwani ke leƙowa. Kyandir ɗin yana da zobe bakwai na kakin da aka cuɗa da garin tagulla. Duk sa'ad da wuta ta iso zobe sai ta koma kore, matuƙi ya juya linzami. Idan kyandir ya yi saurin ci, ka juya kafin lanƙwasa, ka faɗa. Idan dokin ne ya yi sauri, ka wuce ta, ka faɗa.

Don haka mutanen Zangarma suke da doka uku da ko yaro ya sani. Doki ba ya wuce taku a cikin Rumfa, bulala ba ta shiga. Mai zuba kyandir yana danna yatsansa a gindin kowane guda, don a san mai shi. Ta uku kuwa, idan ɗan'uwanka ya miƙa maka fitila, ba ka buɗe hularta ka duba. Wanda ya buɗe, kamar ya tsaya a tsakiyar kasuwa ne ya ce ɗan'uwansa yana neman ransa. Na yi ta mamakin wannan dokar, amma mutanen da kullum ransu ke hannun juna sun fi ni sanin abin da ke riƙe su.

Jatau ya ga dawaki ya manta da ni a bakin ƙofa. Ni kuwa na nemi gidan Inna Tabawa, tsohuwar da duk kyandir ɗin awo na birnin ke fitowa daga tukunyarta. Na same ta tana tace kakin zuma, ko ɗago kai ba ta yi ba.

“Inna, na zo koyo.”

“Masu zuwa koyo sun fi ƙudan zumata yawa. Me ka iya?”

“Ƙira.”

“Miƙo hannun in gani.”

Ta juya hannuna, ta tsaya a kan ɗan yatsan nan. Ta zare zoben, ta ɗauko hular fitila ta zura yatsan cikin hudar. Ya shiga cif, ba matsi ba sako-sako. Ta ɗauko wata hular, haka. Sai ta kwashe da dariya har tana tari, ta ce, “Shekara arba'in ina auna hudar nan da ƙashin kaza, yau Allah ya aiko mini da ma'auni mai ƙafafu. Sai dai ya haɗo shi da baki, dole in ciyar da shi.” A wurinta na koyi cewa hudar in ta ƙara faɗi ko da kaurin zare ne, kaki zai riƙa tsiyaya, kyandir ya ƙare da wuri.

Shekara bakwai na yi a gidanta. Ta koya mini tace kaki, da murɗa lagwani, da waƙar da ake gwada kyandir da ita, wadda aka ɗora a kan takun doki:

Kaki na zuma, zuma ta fure,
Taka sannu, mai kofato, taka sannu,
Wanda ya shiga yana da mai jiransa,
Taka sannu, a kai shi gida.

Baitocinta suna da yawa, kuma sau goma sha biyu ake rera ta daga kunna wuta zuwa zoben farko. In wuta ta yi kore kafin haka ko bayan haka, Inna ta narkar da zubin gaba ɗaya, ta kuma ja mini kunne. Ba ta taɓa yaba mini da baki ba, amma kullum nama mafi girma a kwanona yake faɗawa, ta ce hannunta ne ya kuskure.

Jatau kuwa ya zama gwanin matuƙa. Ranar da aka fara ba shi linzami na ƙera masa fitilar awo da hannuna, na auna hularta da yatsana, na ba shi kyauta. Ya ce ta fi ƙarfin hanya, ya rataye ta a ɗakinsa yana nuna wa baƙi. Kullum a kwano ɗaya muke ci, kayan aikina nasa ne, ko magagarina yakan ɗauka ba tambaya don gyaran ƙarafan linzami. Abu ɗaya ke cinsa, takun nan na dole. Yakan ce, “Shida, dawakin nan za su iya ratsa Rumfa kafin tuwo ya huce, tsoron tsofaffi ne kawai ya ɗaure su.” In ce masa ya tuna da jimina, ya yi dariya ya ture mini hula. Ana ta raɗe-raɗin shi zai gaji Baba Shekarau, Sarkin Linzami, wanda tsufa ya fara kamawa.

A shekara ta bakwai hayaƙi ya gama cin idon Inna, aka ce sai Ruwan Ɗumi. Ni na zaɓi wanda zai kai ta, na ce ba wanda zan ba amanarta sai Yayana. Na zuba kyandir goma sha biyu a zubi ɗaya, Inna ta shinshina guda ta ce, “Ba laifi.” A bakinta wannan kirari ne. Suka shiga da hantsi, ina tsaye ina kallon fitilun biyu har duhu ya haɗiye su.

Bayan kwana biyu Jatau ya fito da rarrafe, gwiwoyinsa duk sun saɓule, ba keke, ba dawaki, ba Inna. Ya ce a lanƙwasa ta huɗu wuta ba ta yi kore ba, sai dai ya ji ƙafar keken ta zame, ya yi tsalle ya dira. Ya riƙe ni yana kuka, yana cewa, “Ban ce kai ne ba, Shida, abin da na gani kawai na faɗa.” Na yarda da shi. Kwana uku ban ci abinci ba, ina juya sauran kyandir ɗin a hannuna, ina tambayar kaina ko na yi gyangyaɗi lokacin zubi, ko ni na kashe matar da ta riƙe ni kamar ɗa.

Baba Shekarau ya tara dattawa ya yanke yadda aka saba. Mai kyandir zai shiga shi kaɗai da guda daga zubin nan, a ɗaure da sarƙa a kujerar keken don kada ya sauka ya yi rarrafe. In bai fito ba, kyandir ne mai laifi, magana ta mutu, matuƙi ya ci gaba da sana'arsa. In ya fito, matuƙi zai komo da keken birni da fitilar da mai kyandir ya fito da ita, ya ajiye linzami har abada, ya rayu kamar kowa. Ban ji tsoron hukuncin ba, so nake in sani.

Ranar shiga, Jatau ya zo bakin Rumfa da fitilar da na ƙera masa, a naɗe cikin rawaninsa. Ya miƙa mini da hannu biyu a gaban jama'a, ya ce, “Hannunka ya yi ta, ba ta taɓa shiga duhu ba. Ba na so ka shiga da ta wani.” Mutane suka yi ta jinjina, suna cewa ga mutumin da fitowar ƙaninsa za ta raba shi da linzami, amma dubi abin da ya yi. Na rungume shi, na zura kyandir ta ƙasa, ko kallon hular ban yi ba. Shi da dattawa suka wuce da sassafe don su jira ni a Ruwan Ɗumi. Da hantsi aka kulle sarƙar a kuguna, aka ɗaura wata tsohuwar goɗiya mai suna Kili, na ce bisimilla.

Duhun ya rufe ni kamar bargo jiƙaƙƙe. Ba na ganin komai sai kunnuwan Kili da wutar nan biyu, ba na jin komai sai kofato. Tsoro ya kama ni, kuma don kada in haukace na fara rera waƙar Inna, ba da niyyar auna komai ba. Amma bakin da ya yi shekara bakwai yana ƙidaya ba ya mantawa. Na rera sau ɗaya, sau biyar, sau takwas. Ina ƙarasa ta tara wutar dama ta koma kore.

Hannuna ya riga ya fara jan linzami kafin kaina ya ce tsaya. Tara, ba goma sha biyu ba. Na ce ko tsoro ne ya rikita ni, sai na tuna mai tsoro sauri yake yi, da ya kamata ƙidayata ta zarce, ba ta gaza ba. Na tsayar da Kili, na buɗe gilashin, na murƙushe wutar awo da yatsu. Na zauna a hasken fitilar hagu, zuciyata tana cewa shi ke nan, kyandir ɗinka mugu ne, kai ka kashe ta. Amma Jatau cewa ya yi wutar ta makara, wannan kuwa riga ta yi. Zubi ɗaya ba ya yin sauri a hannun wani ya yi nawa a hannun wani.

Na daɗe ina kallon hular. Wallahi na gwammace a ce kyandir ɗin ne. Na yi wa kaina ƙarya iri-iri, na ce ko wayar ce ta yi ƙarfi, ko iska ce. Daga ƙarshe na ce ba mai ganina a nan sai Allah, na kwance hular, na zare zobena, na zura ɗan yatsan. Ya wuce salin-alin har yana rawa a ciki. Na kusantar da ita ga haske, na ga bakin hudar ya yi fari da sabuwar guga. Magagarina yana da haƙori guda da ya karye tun a gida, duk inda ya bi yakan bar zane biyu a jere. Zanen yana nan, ya zagaye hudar.

Ban san mutum zai iya jin sanyi da zafi a lokaci ɗaya ba sai ranar. Na kira sunansa da ƙarfi, duhun ya haɗiye, ko amsa-kuwwa bai maido mini ba. Na gan shi a zuci, zaune a ɗakinsa da fitilar da na ba shi a cinya, da magagarin da ya ɗauka a ɗakina, yana guga a hankali, shi da bai taɓa yin komai a hankali ba. Na tuna bayansa a Fadamar Barci, da warin barkono, da gishirin da muka gutsura. Na yi kuka irin wanda ban yi wa Inna ba. Mutuwa ce ta raba ni da Inna, shi kuwa yana raye yana jirana a bakin hanya, yana fatan kada in fito.

Kili ta buga ƙafa, ta tuna mini ba wurin makoki ba ne. Na dubi zoben a tafin hannuna. Cikinsa daidai da yatsana yake, yatsana kuwa daidai da hudar gaskiya. Na ɗora shi a kan hudar, na danna da ƙarfen sarƙar kuguna, na bubbuga har ya zauna daram. Zoben da mahaifina ya ce na ado ne, shi ya mayar da fitilar daidai. Sai dai kyandir ya riga ya kai zoben farko, ni kuwa saura waƙa uku in kai lanƙwasar. Na bar shi a kashe, na ce, “Kili, taka sannu,” na ɗora daga inda na tsaya.

Ban taɓa rera waƙa da kulawa irin wannan ukun ba. A ƙarshen ta goma sha biyu na ja linzami dama, na rufe ido ko da yake ba abin gani. Na ji ƙafar keken ta hagu ta goga gefe, ta ɗan zame, sannan ta dawo kan doro. Na tsaya, na ɗebo wuta daga fitilar hagu na kunna ta awo. Daga nan waƙa da wuta suka tafi tare kamar tagwaye. A lanƙwasa ta huɗu wutar ta yi kore daidai kan kalmar ƙarshe, shar, ba makara ko kaɗan. Na juya, na yi wa ramin sallama, na ce, “Inna, ba ni ba ne.” Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.

Sauran hanyar na yi ta ne ina shawara da zuciyata. In na nuna hular, za a hallaka shi. In na yi shiru, fitilar yanzu daidai take, zai koma birni lafiya, ya ajiye linzami, ya tsufa yana sayar da ciyawa. Kafin lanƙwasa ta bakwai na yanke. Zan miƙa masa, in ya karɓa ya hau, zan haɗiye maganar har kabarina saboda kwana ukun da ya goye ni.

Na fito da la'asar, haske ya soke mini ido, mutanen Ruwan Ɗumi suka ɗauki kabbara. Jatau yana tsaye kusa da Baba Shekarau. Na ga fuskarsa kafin ya gyara ta, kuma da ma ban gani ba. Ya rugo ya rungume ni, yana cewa, “Alhamdulillahi, Shida, alhamdulillahi.” Aka kwance mini sarƙa. Baba Shekarau ya ce kyandir ya kuɓuta, saura tafiyar ajiye linzami, gobe da hantsi. Na ce a ba ni sabon kyandir daga zubin, na zura shi ta ƙasa, na sauke fitilar na miƙa da hannu biyu kamar yadda ya miƙa mini.

“Yaya, ga fitilarka. Da ita na fito.”

Ya karɓa. Ya dube ni, na dube shi, ban ɓoye masa komai a idona ba. Ya san na sani. Ya kuma san ni, shekara tara muna cin kwano ɗaya, ya san ko kaza ba na iya yankawa sai na kau da kai. Abin da ya rage masa kawai ya rataye ta a keke. Na riƙa roƙonsa a zuci, rataye ta, Yaya, rataye ta mu tafi.

Yatsunsa suka hau kan hular. Baba Shekarau ya ce, “Jatau, kana cikin hankalinka?” Bai ji ba. Ya murɗe ta, ya ɗaga ta sama yana leƙawa, jama'a suka ɗauki salati. Ya ga zoben tagulla zaune a hudar, ya dubi hannuna ya ga ɗan yatsan tsirara. Sai ya zauna a ƙasa.

Baba Shekarau ya karɓi hular, ya juya ta a hasken rana, ya ga gugar da ke kewaye da zoben. Tsoho ne, bai buƙaci bayani ba, amma Jatau ya yi bayanin da kansa, kansa a sunkuye. Ya ɓoye bulala a hannun riga. So yake ya kai Inna kafin azahar, don ita da bakinta ta shaida wa dattawa cewa takun nan ba dole ba ne. Lanƙwasa uku ya ci da kintace, ta huɗu ta ci su.

Na durƙusa a gabansa na ce, “Me ya hana ka faɗa mini? Da na tsaya maka.”

Ya ce, “Da sun karɓe linzamin, Shida.”

Na jira ko akwai sauran magana, babu. Iyakar kuɗin raina a wurinsa ke nan, igiyar fata guda biyu.

Hukuncin irinsa shi ne a tura shi Rumfa ba fitila. Baba Shekarau ya ce tunda ni aka nema da kisa, in yi magana. Na ce a ba shi kwana uku ya bar ƙasar ta hanyar gabas, kada ya ƙara taɓa doki a inda sunan Zangarma ya kai. Dattawa suka yi gunaguni amma suka yarda. Da zai tafi ya tsaya nesa da ni, bai iya kirana Shida ba, ya ce, “Cindo, da na hau ban buɗe ba fa?”

Na ce, “Da ka isa gida.”

Ya juya ya kama hanya. Karo na farko a rayuwata na ga Jatau yana tafiya a hankali.

Na ƙara shekara uku a Zangarma har na koya wa mutum biyu zubin Inna, na bar musu ma'aunin ƙarfe daidai da yatsana, sannan na ɗauki fitilar na kamo hanyar gida. Ban ƙara jin labarinsa ba, ban kuma ƙara gutsurar gishiri da kowa ba, duk da na haɗu da mutanen kirki da suka cancanta. Wannan shi ne abin da ya tafi da shi, kuma shi ne ban yafe ba.

Ga ta can a rataye, ku ɗauko ku duba in kuna so, a gidan nan ba doka. Zoben yana nan a hudar, kyandir ɗin da na zura masa ma yana ciki da tambarin yatsana, bai taɓa ganin wuta ba. Har yau in na goge ta nakan auna hular, ban san me nake nema ba. Kullum daidai take, da za ta kai shi gida. Allah ya haɗa ku da abokan tafiya na gari, ya sa kuma ku iya yarda da su.